So, Ƙauna da Bege: Amsa ga Ɗalibar da ta Tambayi Matsayin Soyayya a Adabi

Wata ɗaliba daga Tudun Wada a nan Kaduna ta aiko mini da tambaya. Tana shekarar ƙarshe a sashen Hausa, tana son ta rubuta kundin kammala karatunta a kan jigon soyayya. Da ta faɗa wa kawunta, wanda shi ke ɗauke da nauyin karatun nata, sai ya ce ta nemi abu mai nauyi kamar wa'azi ko tarihi ko siyasa, domin soyayya shirmen yara ce da muka kwaso daga fina-finan Indiya. Maganar ta tsaya mata a rai. Shi ne take tambaya: mece ce ma'anar so idan an zo fagen adabi, kuma ina matsayinsa a cikin sauran jigogi?

'Yata, Allah ya yi miki albarka, ya saka wa kawunki da alheri bisa ɗawainiyar da yake yi. Kada ki ji haushinsa. Akwai abin da ya gani da ya sa ya faɗi haka, kuma zan zo kansa. Amma bari mu fara daga kalmomin kansu, domin na daɗe ina koyar da adabi, kuma na lura yawancin ɗaliban da ke faɗuwa a wannan fage tun daga bakin ƙofa suke tuntuɓe.

Bahaushe bai zuba wannan al'amari a ƙwarya ɗaya ba. "So" ita ce uwa, kuma tana da faɗi ƙwarai. Ana son mutum, ana son tuwo, ana son kuɗi, ana son girma. Daga cikinta ne ma aka sami son kai da son zuciya da son rai, waɗanda duk abin zargi ne. Wato kalmar ita kaɗai ba ta gaya miki ko abin kirki ne ko na banza, sai kin dubi abin da ake so da yadda ake son sa. "Ƙauna" ta fi ta zurfi da natsuwa. Ki lura da wani abu: idan mutum ya fid da rai daga samun wani abu, cewa muke yi ya yanke ƙauna. Ashe a cikin ƙauna akwai sa rai, akwai jira, akwai kyautata zato ga gobe. Uwar da ɗanta ya lalace ba ta yanke ƙauna da shi, ko da ranta ya daina son halinsa. "Soyayya" kuwa, ki dubi ƙirarta. Irin ƙirar jayayya ce da ƙiyayya da tarayya da auratayya, kalmomin da ba sa tsayawa sai da mutum biyu. Mutum ɗaya ba ya soyayya. Abin da yake yi shi kaɗai sunansa son maso wani, wanda magabata suka kira ƙoshin wahala. Sai "bege", wanda shi ne son abin da ba ya kusa, son da nisa ke hura wa wuta. A gefe kuma ga kewa, ga shauƙi, ga sha'awa, ga shaƙuwa, ga sabo, wanda aka ce shi ake yi wa kuka. Ga kuma kishi yana biye da su duk inda suka sa ƙafa.

Al'ummar da ta ware wa abu kalmomi masu yawa haka, ta kuma yi masa karin magana iri-iri, daga "so hana ganin laifi" zuwa "garin masoyi ba ya nisa", ba jiya ta san shi ba. Ba a kuma sinima ta fara jin labarinsa ba.

To, a adabi fa? A nan ne nake son ki natsu. Ganin saurayi da budurwa a cikin littafi bai isa ki rubuta cewa jigonsa soyayya ba ne. Wannan kayan gini ne kawai. Jigo shi ne abin da marubucin yake son ya faɗa da waɗannan kayan, saƙon da idan kika zare shi labarin zai watse kamar tsintsiyar da aka kwance. Shi ya sa malamanmu na nazari suka koya mana neman babban jigo, da ƙananan jigogi, da warwarar jigo. Idan kika bi wannan hanya da gaskiya, za ki gano wani abu da ni ya ɗauke ni shekaru kafin in gane: so ba ya iya zama labari shi kaɗai. Wane ya ga wance, ya so ta, ta so shi, iyaye suka amince, aka ɗaura aure, suka zauna lafiya. Wannan rayuwa ce mai daɗi, Allah ya ba kowa irinta, amma ba ta cika shafi biyu. Labari yana farawa ne daga lokacin da wani abu ya gitta tsakanin masoya. Wannan abin da ya gitta, shi ne taskar da za ki tona.

Ki tambayi kowane littafin soyayya: mene ne ya hana su? Idan talauci ne, to littafin yana magana ne a kan dukiya da yadda take raba mutane aji-aji. Idan uba ne ya yi wa abokinsa alkawari, ana maganar iko da biyayya da iyakar haƙƙin iyaye. Idan asali ne, ita 'yar sarauta shi ɗan mahauta ko ɗan wanzamai, ana tuhumar al'adar da ke auna mutum da sana'ar kakansa. Idan kishiya ce, an shiga adalci a gidan aure. Idan mutuwa ce, an shiga ƙaddara da haƙuri. Kin ga ke nan duk manyan jigogin da kawunki ya lissafa, da ma waɗanda bai lissafa ba, cin amana da ramuwar gayya da yaƙi da mulki da gwagwarmayar nagarta da mugunta, ta ƙofar so suke shigowa cikin gida. Dalili kuwa a fili yake. Mai karatu ba ya jin zafin "zalunci" a matsayin kalma. Amma a nuna masa yarinya 'yar shekara goma sha uku an cire ta daga makaranta an kai ta ɗakin sa'an kakanta, nan take zai ji abin a ƙirjinsa. So shi ne sikelin da adabi ke ɗora sauran al'amura a kai don a ga nauyinsu a rayuwar mutum ɗaya. Wannan shi ne matsayinsa a wurina, kuma ban san wani jigo da ke yin wannan aiki kamarsa ba, in ban da mutuwa.

Yanzu ga batun cewa baƙo ne. Tun kafin boko, tatsuniyoyinmu cike suke da shi. Kin san ta budurwar nan da ta rantse ba za ta auri mai tabo a jiki ba, ta kori samarin garinsu kaf, har dodo ya rikiɗe ya zo mata a siffar kyakkyawan saurayi, ta bi shi daji. Jigonta gargaɗi ne, amma a kan me aka ɗora gargaɗin? A kan zaɓin masoyi da ruɗin ido. Waƙoƙin gaɗa da 'yan mata ke yi a dandali da farin wata kuwa, a nan ne suke faɗin abin da ba su isa su faɗa a gaban iyaye ba: yabon wanda suke so ba tare da kama suna ba, da kukan kada a ba su tsoho, da habaici ga wadda ta ƙwace wa wata saurayi. Waƙoƙin niƙa da na daka ma haka, matan aure na sauke abin da ke cikinsu a kan dutse da turmi.

Abin da ya sa wasu ke zaton babu soyayya a adabinmu na dā shi ne kunya. Bahaushiyar asali ba ta kiran sunan mijinta, ba ta kiran sunan ɗanta na fari, wata ma ko wasa ba ta yi da shi a gaban mutane. Wanda bai san mu ba sai ya ce babu ƙauna a nan. Alhali kuwa ɓoyewar ita ce shaidar girman abin. Mu a wurinmu labarin zuciya fuska ake tambaya, kuma so a aiki yake fitowa: a ƙoƙon furar da aka dama da kulawa, a hular da aka kwashe wata biyu ana ɗinkawa, a tsayuwar dare a kan marar lafiya. Marubucin da ya gane wannan ya riƙe makami mai kaifi, domin shiru ɗaya a wurin da ya dace ya fi shafi goma na "ke ce hasken idanuna".

Ta fuskar addini kuma, wanda na san shi ne ainihin abin da ke ran kawunki, ki buɗe Suratu Yusuf, wadda Allah da kansa ya kira mafi kyawun labari. Ki ƙirga ire-iren son da ke ciki. Ga son uba ga ɗansa, wanda ya kai Annabi Yaƙub ga kuka har idanunsa suka yi fari. Ga kishin 'yan'uwa, wanda tushensa shi ne ganin an fi son wani a kansu. Ga matar Aziz, wadda matan birni suka ce sonsa ya ratsa har marufin zuciyarta. Ga kamewar Annabi Yusuf da ya zaɓi kurkuku a kan saɓo. Ga yafiya a ƙarshe. A Suratur Rum, aya ta 21, an ambaci natsuwa da ƙauna da jinƙai tsakanin ma'aurata a cikin ayoyin Allah. A Sahihul Bukhari kuma akwai labarin da ban taɓa karanta wa ɗalibai shi ba face ajin ya yi tsit. Barira baiwa ce da aka 'yanta, aka ba ta zaɓi ta zauna da mijinta Mugis ko ta rabu da shi, ta zaɓi rabuwa. Mugis ya riƙa bin ta a baya yana kuka, hawaye na zuba a gemunsa. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna wa baffansa Abbas mamakin irin son da Mugis ke yi mata da irin ƙin da take yi masa. Ya yi mata magana ko za ta koma. Ta tambaya ko umarni ne, ya ce ceto ne kawai yake yi. Ta ce ba ta da bukatarsa, aka kuma bar ta a kan zaɓinta. Ki duba, ba a yi wa mai kuka dariya ba, ba a kuma tilasta wa wadda ba ta so ba. Rabin littattafan da aka rubuta a kan auren dole ba su wuce abin da ke cikin wannan hadisi ba.

Malaman Musulunci ba su ɗauki nazarin so a matsayin zubar da girma ba. Ibn Hazm na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1064, babban malamin fiƙihu ne, amma ya zauna ya rubuta Ɗauƙul Hamama, babi talatin a kan so: alamominsa, ɗan aike, mai sa ido, mai kai gulma, haɗuwa, rabuwa, cika alkawari, yaudara, ya rufe da munin saɓo da falalar kamewa. Idan kika karanta jerin babukan nan za ki rantse tsarin littattafan soyayya da ake sayarwa a kasuwanninmu yake zayyanawa. Ka'abu bn Zuhair kuwa, da ya zo neman afuwa, da kukan rabuwa da Su'adu ya buɗe ƙasidarsa a gaban Manzon Allah kafin ya shiga yabo, aka kuma lulluɓa masa mayafi.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake ganin shi ne ƙololuwar waƙar so a ƙasar Hausa, wato bege. Mutane da yawa ba sa lissafa shi a wannan babi, kuma kuskure ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ɗan kimanin shekara ashirin ya yi ƙasidarsa ta Larabci mai amsa-amon dali, yana tambayar ko zai sami hanyar zuwa Madina ya ziyarci kabarin Annabi, kuma har ya koma ga Allah bai sami zuwa ba. Aliyu Namangi na Zariya, makaho ne, amma ki saurari yadda yake siffanta Ma'aiki da shauƙin zuwa gare shi a Imfiraji. Ki saurari masu karatun Ishiriniya a watan Maulidi a Tudun Wadarku. Duk abin da ake nema a waƙar masoya yana nan: rashin barci, hawaye, ambaton suna ba gajiya, ganin kowa bai kai shi ba, jin cewa nisa zai yi kisa. Harshen bege da harshen soyayya rijiya ɗaya suke sha. Nana Asma'u ma, da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu, ta yi masa marsiyya, kamar yadda ta yi wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello. Marsiyya kuwa in kin cire ƙauna daga cikinta, jerin sunaye da kwanan wata kawai za ta rage.

Ƙagaggen labari na boko a jihar nan tamu aka haife shi. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar da ta samar da littattafan farko. A cikin biyar ɗin da suka fito a wannan zango akwai Jiki Magayi, wanda John Tafida na Wusasa ya rubuta tare da East. Abubakar na son Zainab, tana son sa, sai mai kuɗi Malam Shehu ya shiga tsakani ya aure ta. Abubakar ya bazama neman asirin ramuwa, abin ya faɗa kan ɗan da aka haifa, yaron ya tashi ɓarawo, daga ƙarshe ya zama ajalin mahaifinsa. A jarrabawa ɗalibai kan rubuta cewa jigonsa ramuwar gayya ne, kuma sun yi daidai. Amma wace wuta ce ta dafa ramuwar? Son da aka danne da dukiya. An buga wannan littafi tun kafin fim ɗin Indiya ya zama abin kallo a ƙasar nan.

A 1980 kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya fitar da littattafan da suka ci wata gasar, ciki har da So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, wanda ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da mace ta wallafa. Budurwa Bafulatana ce ta dage sai ta auri wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasan da suka sami karatu a shirin ilimin firamare kyauta na 1976 suka fara buga littattafansu da kuɗin aljihunsu. Mata suka shigo da ƙarfi. Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Wa Zai Auri Jahila?, inda ta kai ƙarar cire yarinya daga makaranta a yi mata auren dole, da Alhaki Kuykuyo Ne, labarin uwargidan da miji ya kora da 'ya'yanta saboda sabuwar mace, wanda aka fassara zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, 'yar masu kuɗi da ɗan talaka, sunan littafin ma kaɗai ya nuna miki marubucin ya san kalmomin biyu ba ɗaya ba ne. Duk an tattara waɗannan an kira su "littattafan soyayya", amma ki karanta su da idon manazarci ki gani ko ba ilimin mata da sakin wulaƙanci da kwaɗayin iyaye ake tattaunawa ba. Matan da ba su da mumbari, ba su da kujera a majalisa, ba su da fili a jarida, sun sami inda za su yi magana, kuma sun yi.

An yi muhawara mai zafi a kan wannan, kuma wani babban ɓangarenta a shafukan jaridun Kaduna aka buga shi. Ibrahim Malumfashi ne ya yi wa waɗannan littattafai laƙabi da Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba su da ingancin da za su daɗe. Abdalla Uba Adamu ya tsaya musu, yana ganin madubi ne na sauyin da al'umma ke ciki, kuma sun sa dubban mutane karatu da Hausa. Ibrahim Sheme ya buɗe musu fili a shafin adabi na New Nigerian ta ƙarshen mako. Ki je Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke nan garin, da ɗakin karatu na Arewa House, ki nemi tsofaffin jaridun shekarun 1990. Kundinki zai yi ƙarfi idan kika nuna kin san cewa tambayar kawunki manyan masana sun riga sun yi ta, sun kuma yi sa-in-sa a kanta da hujjoji.

Batun Indiya akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mun kalli fina-finansu shekara da shekaru, kuma an ɗebo abubuwa: rawa da waƙa tsakanin furanni, maza biyu a kan mace ɗaya, wasu lokuta ma labari sukutum. Amma ki tambayi kanki me ya sa na Indiya suka kama mu, na Amurka ba su kama mu haka ba. Saboda mun ga kanmu a ciki: iyaye masu zaɓa wa 'ya'ya, dangi masu faɗa a ji, kunya tsakanin saurayi da budurwa, tazarar mai kuɗi da talaka. Ƙaiƙayin namu ne tun asali, hannun da ya sosa ne na aro.

Inda nake tare da kawunki ɗari bisa ɗari shi ne wani abu da ke yawo yanzu a wayoyi. Tun da rubutu ya koma WhatsApp da Facebook da Wattpad, babu edita, babu mai dubawa, wasu sun mayar da batsa hajar sayarwa suna kiranta soyayya, ana biyan kuɗi a shiga rukuni a karanta, kuma yara ƙanana na ciki. Wannan yana ci mini rai matuƙa. Sha'awa tsirara ba jigo ba ce, domin ba ta tambayar komai, ba ta auna komai. Akwai kuma wata illar da ta fi wannan ɓoyuwa: labaran da kullum saurayin ɗan hamshaƙin attajiri ne, mai kamfani a Dubai, mai taurin kai da wulaƙanci, yarinya kuma ta yi ta haƙuri da mari da zagi har ya "gane" yana son ta. Yarinyar da ta karanta irin wannan guda hamsin kafin ta kai shekara goma sha takwas, me aka koya mata game da abin da ya kamata ta jure? Wannan ma aikin manazarci ne ya fito da shi fili. Gudun fagen ba zai gyara shi ba. A gefe guda kuma akwai masu rubutu na ƙwarai a wayoyin nan, kuma gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta nuna irin zurfin da mata matasa ke iya kaiwa a gajeren labari.

Akwai gibin da nake fata ke ko wata irinki za ta cike. Yawancin labaranmu a ranar ɗaurin aure suke tsayawa, kamar an kai gaɓa. Ni kuwa soyayya mafi girma da na taɓa gani da idona a gidan gwaggona na gan ta. Mijinta ya yi shekara fiye da ashirin yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Da masaƙun suka durƙushe, ya dawo gida hannu rabbana, daga baya ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Ta sayar da 'yan kunnenta na gwal da kwallayen da aka jera mata tun na aure, ta kafa kaskon ƙosai a ƙofar gida. Shekara shida tana juya shi, tana yi masa alwala, tana ba shi abinci a baki. Kuɗin da ta samu kuwa a ƙarƙashin matashinsa take sa su, don idan yara sun zo neman na makaranta daga hannunsa su karɓa, kada girmansa ya zube a idonsu. Har ya rasu ban taɓa jin ta kira sunansa ba, "malam" take cewa. Na karanta ɗaruruwan littattafan soyayya, ban ci karo da wannan mata a ciki ba sai nadiran.

Haka kuma garin nan namu yana da labarin da alƙalumanmu ke tsoro. Tun bayan rikicin shekarar 2000, mutane suka yi ta ƙaura, waɗannan suka tattara arewacin kogi, waɗancan suka koma kudancinsa. Maƙwabtan da suka yi shekara talatin suna miƙa wa juna tuwon sallah da shinkafar Kirsimeti ta kan katanga suka rabu. Akwai aminan da suka ɓoye juna a ɗaka a ranar da gari ya kama da wuta. Akwai gidajen da uwa ta fito daga wancan ɓangare, kawunnai suna Sabon Tasha, baffanni suna Rigasa. Ƙaunar maƙwabci da ta amini da ta dangin uwa duk suna cikin jigon da kike son nazarta, kuma gadar da ke kan Kogin Kaduna ta isa ta ɗauki littafi guda.

Game da kundin naki, kada ki ce za ki rubuta "jigon soyayya a adabin Hausa" gaba ɗaya, teku ce, za ki nutse. Ki ɗauki littattafai biyu ko uku daga zamani daban-daban, misali ɗaya na shekarun 1930, ɗaya na 1990, ɗaya na waya. A kowanne ki fitar da abin da ya gitta tsakanin masoya, wa ke da ikon yanke hukunci, me macen ta iya yi da kanta, da wace kalma marubucin ya fi amfani, so ko ƙauna ko sha'awa, kuma ina labarin ya tsaya. Idan kakarki na raye, ki zauna da ita da rikoda ki roƙe ta waƙoƙin gaɗar zamaninsu. Za ta yi ta noƙewa da farko, ki yi haƙuri, ki fara tambayarta yadda aka yi bikinta.

Idan za ki koma wurin kawu, kada ki je da gardama. Ki gaishe shi yadda ya kamata, ki tafi da Jiki Magayi a hannu, domin da wuya a ce bai karanta shi a makaranta ba. Ki ce masa, "Kawu, a cikin Abubakar da Zainab da Malam Shehu, wa ya fi ba ka tausayi?" Sai ki yi shiru ki saurare shi, ki kuma rubuta abin da ya faɗa.